Hoton Iya da Baƙin Ranar Asabar

Assalamu alaikum mutanena. Na karanta sharhinku kaf, har da na baiwar Allahn da ta ce na cika iyayi, wai 'yar mai zubin tukwane ce za ta gyara wa duniya tarihi. Na gode 'yar'uwa, kuma ba ki yi ƙarya ba, iyayin akwai shi. Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce Mardiyya Nuhu. Gidanmu na Rafin Guza, Babana tukwanen alminiyam yake zubawa a Panteka. Na gama karatun koyarwa ina jiran aiki, a zaman jiran ne na faɗa aikin sa kai a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta maƙala ko ya gyara ta wani. Dokarmu mafi ƙarfi ita ce duk abin da ka rubuta sai ka kawo hujja. "Na ji an ce" ba ya aiki a wurinmu, sai littafi ko jarida ko rahoton da wani zai iya zuwa ya duba.

Sai kuma Sama'ila, wanda saboda shi kuke bibiyata, kar ku yi min musu. Ɗan gidan malamai ne a Unguwar Sarki, yana koyar da hadisi a islamiyyar mahaifinsa. Dogo ne siriri, kullum cikin farin yadi mai guga, hularsa ba ta taɓa karkacewa. Ranar da ya fara zuwa zance na yi ta zuba masa bayanin aikinmu ina tsoron ya gundura, sai ya yi murmushi ya ce, "Au, ashe ku ma masu neman isnadi ne. Wa ya faɗa, daga wa ya ji." Daga wannan rana na san na kamu. Yanzu magana ta yi nisa, saura gwaggonsa Hajiya Indo ta zo da mata su ga gida su gaisa da iyaye. A gidansu Sama'ila in Hajiya Indo ta ce a'a, ko mahaifinsa da yake liman ma shiru yake yi.

To ga inda matsalar take. Ina da kaka, mahaifiyar Babana, Iya Harira. Ta ba tamanin baya ko tana dab da shi, amma har gobe ita ke wanke kwanonta, kuma ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Komai a kafaɗa take ɗauka, ta ɗan karkatar da wuya, ta tallafe da hannu ɗaya. Iya 'yar Gbagyi ce, waɗanda a gari ake kira Gwari. Kowa a gidanmu ya sani, kuma ba wanda yake faɗa. Bara da aka yi gasar hotunan al'adu a kundin, na ɗauke ta tana fitowa daga madafa da ƙwarya a kafaɗa, zaninta na atamfa mai ruwan goro, hasken safiya ya sauko mata a kumatu. Na tambaye ta ko in saka a intanet, ta ce, "Saka mana, ko mijin da na rasa zai gani ya dawo." Na saka, na rubuta a ƙasa: tsohuwa 'yar Gbagyi ɗauke da kaya a kafaɗa, Rafin Guza, Kaduna. Wani edita ya ɗauka ya ɗora a saman maƙalar Gbagyi. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na yi ta leƙawa ina kallo.

Ranar Litinin ina tsakar gida ina tsintar shinkafa sai ga maƙwabciyarmu Maman Sadiq ta faɗo ko sallamar kirki babu, mayafi na jan ƙasa, waya a sama.

"Ku fito ku ga Iya ta zama tauraruwa!"

Wata makarantar kuɗi ce a Unguwar Sarki ta yi ranar al'adu. Suka buga ƙaton kyalle suka rataya a bakin geti, kowace ƙabila da hotonta. Ga Iya nan da ƙwaryarta, tsakanin wani mai jar hula da wata mai murjani, an rubuta GBAGYI da manyan baƙi a ƙarƙashinta. Umma ta karɓi wayar ta ƙura ido. Ta yi dariyar yaƙe har Maman Sadiq ta fita, sannan ta juyo kaina, ludayin miya a hannu.

"Aikinki ne wannan."

"Umma, hoto ne kawai na…"

"Goge shi."

"Ba ya goguwa."

"Kamar ya ba ya goguwa? Ba ke kika saka ba?"

Na yi mata bayani cewa duk hoton da ka saka a kundin ka bayar da shi kyauta ga duniya ke nan, kowa na iya ɗauka ya buga, kuma ba a janye kyautar. Ko na roƙa an cire, waɗanda suka ɗauka sun riga sun ɗauka. Umma ta zauna daɓas a kan turmi. A nan ta gaya min abin da ban sani ba. Ashe a wani suna da suka haɗu, Hajiya Indo ta ja ta gefe ta tambaye ta asalinmu, Umma kuma ta gyara ɗauri ta ce mu Zazzagawa ne gaba da baya, uwa da uba, ba gauraye.

"Umma me ya sa?"

"Me ya sa? Don ina son ki shiga gidan mutunci! Kin san irin kallon da matar nan take yi wa mutum? Tun daga takalmi take farawa."

Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, don na san Umma ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne. Baba yana zaune a bakin ɗakinsa yana cire takalmin aiki, duk ya ji. Ya tashi ya ɗauki buta ya zaga. Wannan tashin nasa ya fi maganar Umma yi min ciwo, don uwarsa ce ake magana a kai.

Da na shiga ɗaki na buɗe maƙalar, niyyata in ga ko akwai wata dabara. Sai na tarar ana ta fafatawa a shafin tattaunawa, wato bayan fagen da editoci ke musu kafin a canza abu. Mutum biyu ne suka riƙe wuta. Na farko Malam Nasiru, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, mutumin kirki amma in ya kama maƙalarka sai ya cika ta da tambarin "ana buƙatar hujja" har ka tsani kanka. Na biyu Danjuma, wani edita ɗan Gbagyi da ke rubutu daga Minna. Malam Nasiru ya bi maƙalar ya mayar da Gbagyi zuwa Gwari, Danjuma ya dawo da ita yadda take.

Malam Nasiru ya rubuta: "Majiyar da aka kafa hujja da ita tsohon rahoton ƙidaya ne, kuma Gwari ya ce. Ba mu da ikon sa wa majiya kalmar da ba ta faɗa ba."

Danjuma ya amsa: "Ranka ya daɗe, mai ƙidayar da ya rubuta haka, mu ya tambaya ko maƙwabtanmu? A sa sunan da muke kiran kanmu, a yi bayani a ƙasa cewa tsofaffin takardu sun ce Gwari."

"To kawo sabuwar ƙidaya da ta ce Gbagyi."

"Babu. Ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ba. Kana so mu zauna da sunan 1963 har tashin duniya?"

Ku yarda da ni, na manta da Umma, na manta da Hajiya Indo, na kwanta rub da ciki ina karantawa. Ban taɓa tunanin cewa a bayan kowace lamba akwai wani mutum da ya tsaya a ƙofar gida ya yi tambaya, da wani da ya ba shi amsa ba. Ina cikin wannan sai na iso ƙasan shafin. Malam Nasiru ya juyo kan hotona.

"Haka nan hoton da ke sama. Mece ce hujjar cewa wannan tsohuwa 'yar ƙabilar ce? Ɗaukar kaya a kafaɗa ba shaida ba ce. In wadda ta ɗora shi ba ta yi bayanin yadda ta sani ba zuwa ƙarshen mako, zan cire shi daga maƙalar, a mayar da bayaninsa: wata tsohuwa a Kaduna."

Kun ga sauƙin da ya zo min har gida? Ba sai na yi ƙarya ba. In ja bakina in yi shiru kawai, Malam Nasiru zai yi wa Umma aikinta ba tare da ya san ta ba. Ko an ga kyallen makarantar sai a ce masu bugawa ne suka yi shirme. Na gaya wa Umma, ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa wa Malam Nasiru albarka, har da roƙa masa kujerar Makka.

Washegari bayan la'asar Sama'ila ya zo. Na sa doguwar rigata mai ruwan zaitun da hijabi ruwan madara, na kai masa zoɓo mai sanyi a zaure. Yana ta ba ni labarin ɗalibansa, ni kuwa hankalina ba ya wurin. Na katse shi, na miƙa masa wayar.

"Wannan ai Iya ce," ya ce yana murmushi. Ya karanta rubutun ƙasa, murmushin ya ragu kaɗan. "Ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Sai me?"

"Sai me kuwa? Tsohuwar da ta riga ni tashi asuba? Ni a wurina magana ta ƙare." Ya juya kofin a hannunsa. "Amma Mardiyya, an riga an gaya wa Gwaggo wata magana daban, kuma ta baza ta a dangi. Ba asalin ne zai fi ɓata mata rai ba, a ce an rufe ta ne. Gwaggo ta taɓa fasa auren jikarta ana saura kaɗan a kan abin da bai kai wannan ba."

"To in yi ya?"

"Ki ba ni lokaci in san ta inda zan ɓullo mata."

"Asabar fa za su zo."

Ya ajiye kofin ya yi min sallama. Bayan ya tafi saƙonsa ya shigo: "Ke nake so, ba tarihin gidanku ba. Ki kwantar da hankalinki." Na karanta ya fi a ƙirga. Magana ce mai daɗi, amma ban ga inda ta ce in yi magana ko in yi shiru ba. Ku da kuka fi ni sanin maza, ku fassara min.

Tambayar Danjuma kuwa ta ƙi barina. Da hantsi ranar Alhamis na shiga ɗakin Iya. Ɗakin ƙamshin man kaɗanya da turaren wuta yake, ga gadonta na ƙarfe mai rumfa, ga jeren kwanonin sha a saman kabad waɗanda ba mai taɓawa sai ita. Tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa. Na zauna na sa hannu.

"Iya, an taɓa ƙirga ki?"

"Ni akuya ce?"

"Ƙidayar gwamnati nake nufi."

Ta yi dariya har da tari. "An yi mana. Ta farko ina amarya, muna Kawo lokacin. Wasu samari biyu suka zo da gajeren wando, suka tsaya a zaure. Kakanki ya fita. Ina bayan ƙyaure ina leƙe, don ban taɓa ganin takalmi mai igiya kusa haka ba."

"Suka tambayi ƙabila?"

"Suka tambaya. Ya ce gidan nan duk Hausawa ne."

"Har ke?"

"Har ni da ko 'ina kwana' ban gama iyawa ba."

"Ba ki ce komai ba?"

"Wa ya tambaye ni? Maigida aka tambaya." Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Na baya kuma da suka zo, ina tsohuwa, na shirya. Na ce yau in suka tambaya da bakina zan faɗa. Suka tambayi ɗakuna, suka tambayi inda muke ɗebo ruwa, suka shafa min tawada a yatsa suka tafi."

Na kasa ɗauke idona daga kanta. Na yi ta jero mata tambayoyi, tana amsawa tana tsokanata. Ƙauyensu yana can bayan Mando, ta ce yanzu gidaje sun cinye shi, ko itacen da take gane wurin da shi an sare. Na tambaye ta maganar kafaɗa, ta ce a wurinsu kai shi ne sarkin jiki, ba a yi wa sarki dako. Duk shekarun nan ina kwana ina tashi da matar nan, ina rubuta tarihin garuruwan da ban taɓa takawa ba, ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin takaicin kuma, ko kalma ɗaya ba zan iya sawa a maƙala ba, don a dokarmu bakin kaka ba majiya ba ne. Bayanin hotona kaɗai ne wurin da shaidata ke da daraja, don ni na ɗauka.

Da zan fita ta kira ni. "Na ji abin da uwarki ke faɗa. Ki bar su su cire. Na riga na ci zamanina, ke ce kike da gaba."

Na ja mata ƙyaure na fita.

Asabar ta zo. Tun da safe aka wanke tsakar gida, aka shimfiɗa sabuwar darduma a falo, aka soya kaji, Umma ta fito da kofunan gilas ɗin da tun aurenta suke cikin kwali. Ta sha leshi ruwan hoda da ɗankunnen gwal na aro daga ƙanwarta. Ni kuma aka sa ni atamfa shuɗiya ɗinkin riga da siket, lalle ya kama ɗam. Na duba waya, Malam Nasiru ya ƙara layi ɗaya: "Har yanzu shiru. Zan cire da yamma in Allah ya yarda."

Ina fitowa daga ɗaki na ji Umma na cewa, cikin muryar da take yi wa baƙi, "Iya, ai kin kwana biyu ba ki leƙa su Halima 'yarki a Mando ba. Ga keke nan an tsayar, ki wuni can ki huta da hayaniya."

Iya ba ta yi musu ba. Ta riga ta shirya tun kafin a gaya mata, da farin mayafinta na zuwa unguwa da ɗan ƙunshi ɗaure a ɗankwali. Ta san dalili, Umma ta san ta sani, ni ma haka. Ta fita a hankali, na bi ta. Baba yana tsaye a ƙofar gida cikin babbar rigarsa ta Juma'a yana jiran baƙi, idonsa a ƙasa. Mai keke ya karɓi ƙunshin ya ajiye a kujera.

Na riƙo hannunta. "Iya, ni fa zan rubuta."

"Ki rubuta me?"

"Cewa ni na ɗauki hoton, kuma kakata ce, Harira, 'yar Gbagyi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Harira ba 'yar Gbagyi ba ce. Harira ranar da aka kawo ni gidan kakanki aka raɗa mata suna."

"To wace ce 'yar Gbagyin?"

Ta buɗe baki ta rufe. Ta kalli bangon maƙwabta kamar a can aka rubuta. Mai keke ya danna hon, ba wanda ya kula shi.

"Shekwoyemi," ta ce a hankali. Ta sake faɗa da ɗan ƙarfi, tana saurarensa a bakinta. "Rabon da a kira ni da shi tun rasuwar uwata."

Na juya na kalli Baba. Mutum ya haura hamsin, da furfura a gemu, yau ya fara jin sunan uwar da ta haife shi. Kun san ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, don haka bai furta ba. Amma na ga laɓɓansa suna motsi.

"In sa shi, Iya?"

"Auren fa?"

"In sa?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Ke dai da taurin kai. Sa."

Na ciro waya na rubuta a ƙasan maganar Malam Nasiru: "Ni na ɗauki hoton a tsakar gidanmu. Kakata ce, sunanta Shekwoyemi. Na tambaye ta da bakina, ta ce ita 'yar Gbagyi ce." Na danna, ya tafi.

Ko da na ɗago, wata baƙar mota ta shawo kwanar layinmu tana bin ramuka a hankali, cike da mata masu manyan mayafai. Umma ta leƙo daga zaure, ta ga motar, ta ga Iya har yanzu a tsaye, fuskarta ta canza.

"Malam, ka ce su tafi mana! Ga su nan fa!"

Baba ya taka zuwa wurin keken. Ya sunkuya ya ɗauko ƙunshin Iya ya rungume shi a jikin babbar rigarsa, ya ce wa mai keke, "Yi haƙuri ɗan samari, jeka abinka."

Motar ta tsaya dab da mu. Gilashin baya ya sauka, na ga farin tabarau da carbi naɗe a hannu. Hajiya Indo ta fara da takalmina kamar yadda Umma ta faɗa, ta hau har fuskata, sannan idonta ya koma kan Iya ya tsaya a can.

"Nan ne gidan Malam Nuhu?"

"Nan ne, Hajiya, sannunku da zuwa," in ji Baba. "Amma ni ɗa ne a gidan. Ga mahaifiyata nan, da ita za ku fara gaisawa."